Tagar Ɗanɗana Gishiri

Cikin ranakun da na yi a wannan ofis akwai guda da ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Ita ce ranar da na tsaya gaban Oga Injiniya na ce a buɗe taga a inda duk abin da aka koya mana ya ce kada a buɗe, kuma na ƙi faɗa masa dalili. Ku da kuka shigo bana kun sha tambayata me ya sa nake daɗewa a gidajen mutane kafin in ɗora fensir a takarda. Ina ganin amsar tana cikin wannan labari, ko da yake ban tabbata zan iya ba da shi yadda ya kamata ba.

Lokacin ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba. Matsayina mataimakiyar mai zane, wato in je in auno fili, in yi zanen farko, in kawo wa Oga ya duba. Ƙa'idar ofis ita ce ba a aza bulo ko ɗaya sai Oga ya sa hannu, mai gida ma ya sa nasa. Duk gyaran da ya taso bayan haka, komai ƙanƙantarsa, sai ya sake bin wannan hanya. A ofis ana kirana Malama Wataƙila, domin ba na iya faɗin magana ba tare da na bar mata ƙofar fita ba. Ko lokaci aka tambaye ni, sai na ce ina ganin ƙarfe goma ne, alhali agogo na hannuna.

Aikin ya zo mana daga wani ma'aikacin gona, Alhaji Umaru, wanda yake aiki a Argungu. Mahaifiyarsa, Hajiya Kulu, tana zaune a gidan marigayi mijinta a Badariya, nan Birnin Kebbi. Rumfar da take girki a ciki ta faɗi a daminar da ta wuce, shi ne yake so a gina mata kicin na waje a bayan gidan kafin wani ruwan ya sauka. Ya zo da hotuna a wayarsa. Yana son rufin kwano, ƙasa da tayil, wurin gas, wurin wanke-wanke da famfo, da ɗan sito na ajiye buhun shinkafa da albasa.

Oga ya tambaye shi ko ya ji ra'ayin Hajiya. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Injiniya, ni ne ɗan fari."

Oga ya gyaɗa kai bai ƙara tambaya ba. Ga wanda bai taso a cikinmu ba, abin da hakan yake nufi shi ne akwai alkunya tsakaninsu. Hajiya ba ta faɗin sunansa, ba ta zama su yi hira, ba ta kallonsa ido da ido. Idan ya zo gaisuwa ta amsa a taƙaice tana duban wani gefe. Saboda haka ba zai iya zaunar da ita ya tambaye ta irin kicin da take so ba, ita ma ba za ta faɗa masa ba. Da wannan dalili, da kuma kasancewata mace wadda za ta shiga har ɗaki, aka ba ni aikin.

Na je gidan da hantsi. Hajiya Kulu doguwa ce, ba ta da jiki, tana magana a hankali. Ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo fura. Na fara tambayoyin da muka saba: mutum nawa take dafa wa, da me take girki, a tsaye ko a zaune. Duk abin da na nuna mata a wayata sai ta ce, "Ya yi, ɗiyata." Tayil fari? Ya yi. Tayil ja? Shi ma ya yi. Na ce Alhaji Umaru ya ce a sa gas. Ta ce, "Abin da mai ginin ya ce, shi za a yi." Haka ta riƙa kiransa daga ranar har aka gama, mai ginin.

Da na ga tambaya ba za ta kai ni ko'ina ba, sai na roƙi ta bar ni in zauna in ga yadda take girki. Na ga a zaune take tuƙa tuwon shinkafa, a kan 'yar kujera, ta danne tukunya da ƙarfe. Don haka na sa murhun itace da na gawayi a ƙasa-ƙasa daidai zamanta, na bar kanta mai tsawo ga gas, don jikokinta mata da suke kwana a gidan. Na sa bututun hayaƙi. Na karkatar da rufi yadda ruwansa zai zuba cikin tsakar gidan Hajiya, domin a aikinmu laifi ne babba ruwan rufinka ya faɗa gidan maƙwabci. A raina na ɗauka na yi iya ƙoƙarina.

Wurin da zan ajiye ginin bai ba ni wahala ba. Bayan gidan ba shi da girma. Yamma akwai ramin bayan gida da tankin ruwa, ba a kusantar da abinci can. Saura kusurwar gabas, inda tsohuwar rumfa take, jikin katangar da ta raba gidan da na maƙwabta. Wannan ya ma yi daidai, domin kowa ya san a nan hadari daga gabas yake bugowa. Idan kicin ya juya wa gabas baya da dogon bango, ya buɗe gabansa zuwa tsakar gida, ruwa ba zai kashe wuta ba. Katangar a wurin gajeriya ce, ba ta wuce kaina ba sai kaɗan, don haka na rubuta a ɗaga ta har rufi. Na lura akwai wani wuri a samanta da ya yi santsi, ya yi duhu kamar ana yawan dafa shi da hannu. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani tsohon turmi a kife. Na rubuta a kwashe shi tare da tarkace.

Oga ya sa hannu, Alhaji Umaru ya sa hannu. Na kai wa Hajiya zanen na yi mata bayani da yatsa, har na kai ga bangon gabas. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ce, "Ya yi."

Ranar da aka ja igiya aka fara haƙa harsashi, birkilanmu Malam Garba yana ta tsokanata. "Malama, a haƙa nan, ko wataƙila a haƙa?" Da lebura ya zo zai ɗauke turmin, Hajiya ta leƙo daga ɗaki ta ce a bar shi tukuna. Ba wanda ya kawo komai a ransa.

Da azahar maza suka fita masallaci. Ni kuma na yi salla a ɗakin Hajiya, na zauna ina duba lissafin bulo, ta taga ina hangen bayan gidan. Ina jin ta ɗauka na yi barci. Sai na ga ta fito da wani babban kwano mai murfi, ta tsallake ramin da aka haƙa, ta taka turmin nan da ƙyar, tana dafe da katanga. Ta ƙwanƙwasa da ludayi. Can sai na ji motsi a ɗaya gefen, kamar ana jan benci.

"Iya," in ji Hajiya, "ɗanɗana mini gishiri. Harshena ya mutu yau."

Wani hannu guda ya ɗago, yana rawa, ya karɓi kwanon. Murya ta ce, "Kulu, kullum ke ba ki iya gishiri ba. Kawo in gani."

Kwanon nan na ga lokacin da aka cika shi. Tuwo ne malmala uku da miya da kifi. Ba wanda yake ɗanɗana gishiri da malmala uku.

Hajiya ta juyo za ta sauka, muka haɗa ido. Ta sauko a hankali, ta shigo ɗaki, ta zauna bakin gado. Na rasa inda zan sa kaina.

"Ba ki ga komai ba," ta ce.

Na ce ban gani ba. Daga baya, ina ga don ta san na riga na gani, sai ta ba ni labarin.

Maƙwabciyar sunanta Iya Basira, Bayarabiya ce. Ita da mijinta sun zo garin nan tun suna matasa, suna sayar da kwanuka da robobi a kasuwa. Shekarun baya, lokacin Umaru yana ƙarami, aka sallami mijin Hajiya daga aiki. Ya daɗe bai sami wani ba. Akwai ranakun da ba a ɗora tukunya a gidan. "Ba mu faɗa ma kowa ba," in ji ta. "Amma katanga ɗaya munka haɗa. Wadda ba ta ga hayaƙinki ba ta san abin da ake ciki." Wata rana Iya ta ƙwanƙwasa katanga ta miƙo kwano, ta ce Kulu ta ɗanɗana mata gishiri. Haka ta yi ta yi har Allah Ya buɗa. Ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba, ko sau ɗaya.

Yanzu mijin Iya ya rasu, shagon ya tafi, ita kuma ciwo ya taɓa mata ɓarin jiki, ba ta iya tsayuwa kan wuta. Ɗanta yana kudu yana fama da kansa. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce alhamdu lillahi, yaro yana aikowa. Kwanon dai shi ne na da, hanya ce kawai ta juya.

Na ce, "Hajiya, ai bangon da na zana zai rufe wurin nan."

"Na gani."

"To me ya sa kika ce ya yi?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "Yaro ya tashi zai yi maka abin arziki, ka ce mishi a'a? Da wane baki? Kuma in ce mishi mi? Asirin ba nawa ba ne."

Na ce ko za a riƙa kaiwa ta ƙofar gida. Ta girgiza kai. Ƙofar Iya tana kallon titi, ga masu shago, ga masu kabu-kabu suna tsayawa a inuwar wurin. Rana ɗaya ko biyu za a ce zumunci ne. Kullum kuwa kowa zai gane. "Iya ta gwammace ta kwana da yunwa. Na san ta." Sauran tsawon katangar kuma bayan ɗakin Iya ne, babu wani wurin da za a miƙa hannu. Ta ce in bar maganar, Allah ba Ya rasa hanya, kuma ta roƙe ni kada mai ginin ya ji.

Na koma gida da nauyi a zuciya. Idan na yi shiru, aikina ya cika ƙa'ida, ba wanda zai ce na yi kuskure, amma da hannuna na zana bangon da zai yanke wa tsohuwa abincin rana. Idan na yi magana, na tona abin da mata biyu suka rufe tun kafin a haife ni. Na yi tunanin matsar da ginin gaba a bar lungu a bayansa, sai na ga fili ba zai isa ba, kuma tsofaffin nan za su ci gaba da hawa turmi da benci, wanda shi kansa abin tsoro ne. Na yi ta juya zanen. Abin da ya rage shi ne taga a jikin bangon gabas, daidai wurin nan mai santsi, amma a sauko da ita zuwa ƙirji, a yi mata ɗan dandamali da kwano zai zauna.

Matsalarta a bayyane take. Taga ce a ɓangaren da ruwa yake bugowa, kuma tana buɗewa cikin gidan maƙwabci. Ɗalibin shekarar farko ma ya san ba a yin haka.

Da safe na kai wa Oga. Tun a keke nake shirya abin da zan ce, na kuma shirya shi da kyau a ganina. Na ce ina tunanin wataƙila murhun zai buƙaci iska daga baya don bututun ya ja hayaƙi sosai.

Oga ya cire tabarau. "Nafisa, kicin ɗin da gabansa a buɗe yake gaba ɗaya, wace iska kuma yake nema?"

Na ce ko don haske.

"Haske. A tsakar gida, da rana tsaka." Ya juya takardar. "Kin san wannan tagar cikin gidan wani take kallo? Kin san in maƙwabcin ya kai ƙara, sunan wa za a kira? Faɗa mini gaskiya, wa ya ce ki sa ta?"

Na ce, "Oga, ba don iska ba ne, ba don haske ba ne. Ka yi haƙuri da abin da na fara faɗa. Akwai dalili, amma ba nawa ba ne, kuma ba zan faɗe shi ba. Tagar nan dole a yi ta."

Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka zai karɓe aikin ya ba wani, kuma da ya yi haka ba zan ce ya zalunce ni ba.

"Yau babu wataƙila?"

"Babu, Oga."

"Abin da zai cutar da mai gida ne?"

"A'a."

Ya ɗauki fensir. Ya ce in dai za a yi, to a yi ta daidai. Murfin ƙarfe biyu, ɗaya ta kowane gefe, kowa da sakatarsa, don kada wani gida ya leƙa wani sai da yardarsa. Linta a sama, wato zubin siminti da ƙarfe da zai riƙe bango, dandamalin kuma a ɗan karkatar da shi yadda duk ruwan da ya shigo zai gangaro ɓangarenmu. Sannan ya ture mini takardar bai sa hannu ba. "Katangar ta mutum biyu ce. Ki kawo mini yardar maƙwabci, ki kawo ta mai gida. Yadda za ki yi da su ba tare da dalili ba, wannan ke ya shafa."

Na fara da Iya Basira. Na same ta a zaune a ƙofar ɗakinta, ta ci ɗaurin ɗankwali kamar mai shirin zuwa biki, hannunta na hagu a kwance kan cinya. Gidan a share tas. Murhunta kuwa babu toka ko kaɗan. Na ɗauke idona daga wurin da sauri. Na ce mata Hajiya za ta yi sabon kicin, bango zai tashi, muna neman izinin buɗe 'yar taga ta ɓangarenta.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Hausarta ta fi tawa tsufa a garin nan. "Taga ta mi?"

Na ce ta gaisawa.

"Gaisawa." Ta yi dariya. "Yarinya, ki faɗi gaskiya, Kulu ba ta iya girki in ba ni. Tun tana amarya hannunta ya yi nauyi da gishiri. In kun rufe wurin nan, jikokinta za su sha wahala." Ta gyara zama. "Ku buɗe mata. Don yaran zan yarda, ba don ita ba."

Ta dangwala yatsa a takardar izini. Da zan fita ta kira ni ta ba ni wata 'yar robar zuba yaji, sabuwa, cikin ragowar kayan shagonta. Na so in ce ta bar shi, sai na tuna inda nake, na karɓa da hannu biyu.

Na shiga na nuna wa Hajiya zanen tagar, ta ce ya yi. Saura Alhaji Umaru, kuma shi na fi tsoro. Oga zai iya barin dalili ya wuce, amma mai gida yana da haƙƙin sanin me ya sa za a huda bangon da ya biya. Na shiga mota zuwa Argungu. A ofishinsu aka ce ya fita fadama, sai na hau kabu-kabu na bi shi. Na same shi a bakin gonakin shinkafar rani, injin ban ruwa yana ta ƙara, ya naɗe ƙafar wando yana magana da manoma. Muka koma gindin wata bishiya na buɗe zanen a kan sirdin babur ɗinsa.

"Lafiya dai, Malama? Wani abu ya sami Hajiya?"

Na ce lafiyarta lau, ɗan gyara ne. Na nuna masa.

"Taga ta shiga gidan Iya?" Ya ɗaure fuska. "Hajiya ce ta ce?"

"A'a, Alhaji. Ba ta ce ba. Ni ce na ga ya dace."

"Saboda me?"

Na ce ina roƙonsa ya yarda da ni ba tare da na yi bayani ba. Na san maganar ba ta da daɗin ji daga bakin ma'aikaciyar da ya gani sau biyu kacal. Ya ce shi ba ya sa hannu a kan abin da bai gane ba, kuma gaskiyarsa ce. Ya ja takardar kusa, ya bi layin katangar da yatsa, yana ƙirgawa daga kusurwa. Sai yatsan ya tsaya.

"Nan ba wurin turmi ba ne?"

Na ce nan ne.

"Har yanzu yana nan?"

"Yana nan."

Ya juya yana kallon shinkafa, ni kuma ina kallon ƙasa. Da ya sake magana muryarsa ta sauka. Ya ce lokacin yana yaro shi ake ɗorawa kan turmin nan, don hannunsa ya fi kaiwa in ya yi ɗage. Ya ce sai da ya girma ya yi aure ya fara ciyar da gida, sannan wata rana yana zaune ya gane cewa ba a ɗanɗana gishiri da kwano cike.

"Yanzu daga wane gefe yake tasowa?" ya tambaya. Kafin in buɗe baki ya ɗaga hannu. "Bari. Kada ki amsa."

Ya karɓi biro. Sai kuma ya tsaya ya duba awon da na rubuta. "Wannan ta yi ƙunci. Kwanon Iya mai murfi ne, yana da hannuwa biyu. Ƙara mata faɗi." Ya gwada mini da tafukansa. Na auna tsakaninsu da tef na rubuta. Ya sa hannu, sannan ya ce, "Hajiya ba ta san na sani ba. A bar shi haka."

Ginin ya tafi lafiya. Malam Garba ya yi ta gunaguni a kan tagar, yana cewa shi tun da yake bai taɓa ganin kicin mai leƙen maƙwabta ba, amma ya yi ta da kyau, ya goge dandamalin har yana sheƙi. A kwanakin da bango yake tashi na roƙe shi ya fara buɗe ramin tagar kafin komai, na ce don kada siminti ya bushe a sha wahalar fasawa. Ya dube ni, ya ce to. Don haka ko rana ɗaya hanya ba ta toshe ba. Muka gama ana saura kaɗan ruwan farko ya sauka.

Ranar miƙa aiki Alhaji Umaru ya zo daga Argungu da buhun shinkafar Augie biyu a bayan mota, ya ce a gwada sabon sito. Oga ya zagaya da shi, ya kunna famfo, ya nuna masa bututun hayaƙi. Hajiya tana zaune a kan 'yar kujerarta gaban sabon murhu, ta ba su baya. Ta kira ni ta ce, "Ki ce ma mai ginin Allah shi yi albarka." Yana tsaye bai fi taku biyu da ita ba. Ya sunkuyar da kai ya ce amin, ni ma na ce amin, ban ga amfanin maimaita saƙon ba.

Sai aka ƙwanƙwasa murfin tagar daga ɗaya gefen.

"Kulu. Gishirin jiya ya yi yawa. Kina so ki kashe yara?"

Hajiya ba ta motsa ba. Na ga hannunta ya ƙanƙame muciya. Alhaji Umaru ya ɗaga kai ya dubi rufi kamar ya ga wani abu a can, sannan ya ce, "Injiniya, Malam Garba, ku zo ku duba mini katangar waje, ina ganin ta tsage." Ya tasa su gaba suka fita duka. Katangar waje ni na auna ta, babu abin da ya same ta.

Hajiya ta tashi ta zare sakata. Ba turmi, ba ɗage. Kwanon ya shigo ya zauna a kan dandamali, an wanke shi, da goro biyu a ciki. Hannuwansa biyu sun wuce ba su taɓa ko'ina ba. Ta duba dama, ta duba hagu, ta shafa gefen tagar da tafinta.

"A takardar da kinka nuna mini ba ta kai haka faɗi ba," ta ce. "Wa ya ce a ƙara?"

Na ce, "Wataƙila birkila ne, Hajiya."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya ta dubi ƙofar da ɗanta ya bi ya fita, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"To," ta ce. "Allah shi yi ma birkila albarka." Ta ɗauki mara ta fara kwashe tuwo.

Ban sani ba ko abin da na yi shi ne daidai a kowane hali, kuma ba na ba ku shawarar ku riƙa ɓoye wa Oga dalili. Na yi sa'a ne na gamu da mutanen da suka san akwai tambayar da ake bari. Abin da nake ganin na koya shi ne, a garuruwanmu mai gida ba ya faɗa maka duk abin da gidansa yake yi, kuma "ya yi" ba kullum take nufin ya yi ba. Tef zai ba ka tsawon katanga, ba zai gaya maka me ake miƙawa ta kanta ba. Don haka idan aka tura ku auno fili, ku zauna har a ɗora tukunya a sauke. Idan kun ga wuri ya yi santsi a jikin bango, ko wani tsohon abu da aka ce kada a taɓa, kada ku yi saurin rubuta a kwashe.

Turmin yana nan har yanzu a gefen sabon kicin. Na wuce ta gidan kwanan baya, na tarar jikokin Hajiya sun juya shi suna daka yaji a ciki.